Kowa da Kiwon da ya Karɓe Shi

 Maganar wannan fili yau game da littattafan hira ce, watau hikayoyin nan da wani mai hikima ya kan ƙaga da kansa ya rubuta, waɗanda malaman makaranta ke kira ƙagaggun labarai. Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da mutumin da aka san shi da karatu. Ɗansa, ko almajirinsa, ko maƙwabcinsa na rumfa ya kan zo ya ce masa, "Malam, wane littafi ya kamata in karanta?" Galibin waɗanda a ke yi wa tambayar nan su kan amsa tun mai tambaya bai rufe baki ba, su ambaci littafin da ya fi yi musu daɗi su kansu, ko kuwa wanda suka ji sunansa ya cika gari. Wannan gaggawa kuskure ce. Wanda aka nemi ya zaɓa wa wani littafi, abin da ya wajaba a kansa da farko shi ne ya san mai neman, ya san irin abin da ransa ke so, da halin da ya ke ciki a wannan lokaci. Gama littafi ɗaya ba ya yi wa kowa da kowa, kuma ko mutum guda ne, abin da ya yi masa bara ba lalle ne ya yi masa bana ba.

Ɗan kasuwa ya riga kowa sanin wannan. In mutum ya tsaya a bakin shagon mai yadi a Kantin Kwari ya ce a ba shi yadi mai kyau, mai shago ba ya miƙa hannu ya sauko da wanda ya fi tsada. Sai ya fara tambaya tukuna: na ango ne ko na dattijo, na Salla ne ko na zaman kasuwa, da bazara za a sa shi ko da hunturu? Mai goro kuma ya san wanda a ke kaiwa gaisuwar surukai dabam ya ke da wanda matafiyi zai jefa aljihu, ya san daushe yana da masu sonsa, sabon goro yana da nasa. Haka nan mai magani ba ya ba mai gudawa abin da ya ke ba wanda cikinsa ya ɗaure, ko da su biyun da kukan ciki suka zo masa. To, in an yi irin wannan tattali saboda tufa da za ta tsufa da goro da zai bushe, littafin da zai zauna a zuciyar mutum shekara da shekaru ya fi cancantar a yi masa.

Malami ma ba baƙo ne ga wannan ƙa'ida ba. Ba a taɓa jin malamin kirki ya buɗe wa sabon almajiri Muhtasar ba. Da Ƙawa'idi a ke fara masa, ya shiga Ahalari, ya shiga Ishmawi da Iziyya, sa'an nan Risala, sa'an nan Askari, kana in an ga ƙafarsa ta yi ƙarfi a kai shi ga babban kogi. Muhtasar ba shi da aibi, sai dai linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kuma malami ya kan lura da ranar da almajirinsa ya zo da nauyin zuciya, ya taƙaita masa karatu. Wannan hikima da a ke aiki da ita a littattafan ilmi, ita ce a ke roƙon a kawo ta wajen littattafan hira.

Mas'ala ta farko

In wani ya ce, ina ruwan malami da tatsuniya, ai wannan ɓata lokaci ne, sai a amsa masa da abin da ke cikin gafakarsa. Maƙamatul Hariri, da a ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni don koyon lugga, hikayoyi hamsin ne da Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a shekarar 1122, ya ƙaga game da wani mai wayo da iya baki, Abu Zaidi, mai shiga gari da wata kama ya fita da wata. Kalila wa Dimna kuwa, wanda Ibnul Muƙaffa'i ya juyo daga Farisanci zuwa Larabci, labarin zaki ne da sa da diloli, amma sarakuna da wazirai sun koyi mulki a cikinsa. Hikayar Hausa ta littafi ma ba daga hannun jahilai ta fito ba. Da Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ya shirya gasa a 1933, cikin waɗanda suka yi fice akwai Abubakar Imam da wansa Bello Kagara, 'ya'yan gidan malanta, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne. Rai dangin goro ne, sai da ban iska, kuma wanda ya wuni yana tilawa ko lissafin haja yana da hakkin ya huta da abin da ba zai cutar da shi ba.

Gaskiya ne akwai littattafan banza, waɗanda ba su da kome sai batsa da koya wa yara rainin iyaye, kuma mai cewa a tsare gida daga irinsu bai yi laifi ba. Amma a duba abin da ya faru. A shekarar 2007 hukuma a Kano ta tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta, aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ba a daina rubutawa ba, ba a kuwa daina karantawa ba. Da wayar hannu ta yawaita sai labaran suka koma cikinta, inda uba ba ya ganin ko bangon littafi balle ya san abin da ke ciki. Dattijon da ya ce duka banza ne, ya fitar da kansa daga cikin shawara ke nan, yaro kuwa ya koma neman shawara wurin sa'ansa. Wanda ya iya cewa "bar wancan, ga wannan ya fi shi daɗi," shi ne har yanzu a ke jin maganarsa.

Sharuɗɗan mai zaɓa wa wani

Sharaɗi na farko, ya zama ya karanta littafin da kansa. Ba a cinikin biri a sama, kuma shaidar da aka gina bisa "an ce" ba ta tsayawa a gaban alƙali. Na biyu, ya yi tambaya kafin ya ambaci suna. Ya tambayi wane littafi ne mai neman ya taɓa karantawa ya ji daɗinsa, da abin da ya yi masa daɗi a ciki, dariya ce ko yaƙi ko soyayya ko tausayi. Ya tambayi yawan sararin da ya ke da shi, ɗan lokaci ne bayan an rufe kasuwa, ko kuwa doguwar tafiya ce a mota daga Kano zuwa Ikko. Ya tambaya shi kaɗai zai karanta, ko a tsakar gida za a karanta a bayyane mata da yara suna ji. Abin da ke cikin zuciya kuwa ba duka a ke tambaya da baki ba, akwai wanda sai an lura. Sharaɗi na uku, ya bayyana aibin littafin kamar yadda ɗan kasuwa mai tsoron haram ke bayyana aibin haja: in akwai zubar da jini da yawa ya faɗa, in farkonsa yana da jan jiki ya faɗa, don kada mai karatu ya yar da shi tun bai kai ga daɗin ba. Na huɗu, kada ya faɗi ƙarshen labarin, domin wanda ya faɗi ƙarshe ya yi kamar wanda ya tauna goro ya miƙa wa baƙo.

Mai gajiya da mai baƙin ciki

Mutumin da ya wuni da hayaniyar kasuwa, kansa ya cika da bashi da lissafi, ba ya bukatar labarin da zai ƙara masa nauyi. Irin wannan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya dace da shi, wanda ya fito a 1934. Alhaji Imam ya fita neman wani ruwa da za a yi wa ɗan sarki magani da shi, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya shirya wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama, gari bayan gari. Littafin gajere ne, Hausarsa kuwa kamar ruwan randa. In mutum ba shi da sararin bin dogon labari, sai a ba shi Magana Jari Ce, littafi uku da Imam ya fitar tsakanin 1937 da 1939, domin hikayoyinsa gajeru ne, kowace tana ƙarewa kafin barci ya zo. A cikin littafi na ɗaya ma akwai darasi ga mai zaɓa wa wani hikaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla yadda za a fitar da yaron a halaka shi, ba abin da ya tsare shi sai aku, wanda ya riƙa jan hankalinsa da labari dare bayan dare. Da akun ya kawo labarin da bai kama zuciyar Musa ba ko da dare ɗaya ne, da yaro ya fita.

Sha'anin mai baƙin ciki ya fi wuya, kuma a nan ne a ke gane gwani. Likitocin zamanin da sun ce cutar zafi da sanyi a ke kashe ta, saboda haka mutane da yawa su kan ɗauka wanda aka yi wa rashi, ko wanda dukiyarsa ta salwanta, littafin ban dariya ya ke bukata. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa dariyar ta kan zame masa kamar izgili. Baƙin ciki hawa biyu ne. Sa'ad da ya ke ɗanye, mutum ba ya iya riƙe dogon zance, abin da ya fi masa shi ne ɗan gajeren labari mai sauƙi, ko ma a ƙyale shi ba littafi sam, a zauna tare da shi. Sa'ad da kwanaki suka tura, masu ta'aziyya suka watse, ya saura shi kaɗai, a nan ne ya ke bukatar abokin da ya san irin ciwonsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa don irin wannan lokaci ya ke. Wani malami ne a Rauta ya ke ba almajiransa labarin kansa, yadda aka sace shi yana yaro zamanin cinikin bayi, aka ƙetara Hamada da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bar kome ta bi sawunsa. Ba dariya a cikinsa, amma maganarsa a natse ta ke, kuma wanda ya kai ƙarshensa ya kan tashi da sanin cewa an jarrabi waɗansu da abin da ya fi nasa, suka kuwa ci gaba da rayuwa har suka amfani jama'a. Wannan littafi da zai zama magani bayan wata uku, in aka miƙa shi ga uwar da ta rasa ɗa a makon farko, an fama mata miki.

Mai fushi da mai zafin jini

Akwai wanda aka zalunta yana ta saƙa yadda zai rama. Wa'azi kai tsaye ba safai ya ke shiga kunnen irin wannan ba, gama ya riga ya tanadi amsa ga duk abin da za a ce masa. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ya fi dacewa da shi. Abubakar yana son Zainabu, wani mai dukiya, Malam Shaihu, ya sa kuɗi ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Mai karatu ya kan fara da goyon bayan Abubakar, domin lalle an cuce shi, sa'an nan a hankali ya ga ramuwar ta faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, mai ramuwar kuma bai ci ribar kome ba. Ba wanda ya yi wa mai karatu faɗa, da idonsa ya gani, gani kuwa ya kori ji.

Yaro ko saurayi mai tashen ƙarfi, wanda ba ya iya zama wuri guda, in aka fara masa da littafin nasiha an kore shi daga karatu, watakila har abada. A ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, labarin wani jarumi na ƙasar Rasha da aka mai da shi ɗan gida, wanda ya tashi ba ya iya tafiya sa'an nan ya zama abin tsoron mazaje. Ko a ba shi Ganɗoki na Bello Kagara, mai kirari da bugun gaba, wanda farkonsa yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ne, ƙarshensa kuwa gumurzu da aljannu a ƙasashen gabas. Yaron da ya cika tambaya game da sama da taurari, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da tafiyarsa cikin sararin samaniya, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Amma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ko da ya ke shi ma cike ya ke da faɗa, kuma mai shi ya iya rubutu ƙwarai, na manya ne, gama jini da mugunta sun yi yawa a cikinsa. Saurayin ƙauye kuma da ya ɗaura niyyar barin gona don ya ji an ce a birni a ke shara da kuɗi, kafin ya hau mota a sa masa Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo a jaka. Sunan littafin kaɗai rabin nasiha ne.

Attajiri da mai gida

Ba kullum ne littafin da ya dace ke zama mai daɗi ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke gina mutum a idon jama'a alhali suna cin gari ta ƙarƙashi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Abdu, da ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya, da yadda Rabi ta tashi tsaye ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar hannunta. Littafin ya yi nisa har an juya shi zuwa Turanci an buga a ƙasar Indiya a 2012. Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa ya kamata ya san littattafan nan biyu. Sai dai akwai ladabin miƙa su. In aka ba mutum littafi a ranar da ya yi faɗa da iyalinsa, ko aka ba shi a gaban jama'a ana murmushi, ya gane habaici ne, ba zai buɗe ba, an kuma yi asarar aboki. A ba shi tun lafiya lau, a ce masa labari ne mai daɗi, domin hakika mai daɗin ne, a bar sauran aiki ga littafin. Wanda kuma siyasa ta ƙona wa rai, ya ga waɗanda ya yi wa wahala sun hau sun manta da shi, akwai Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, inda dabbobi suka kori ubangidansu don su sami 'yanci, waɗansu daga cikinsu suka gaje bulalarsa.

Littattafan soyayya

Nan ne gardama ta fi zafi, nan ne kuma aka fi bukatar mai zaɓe. Budurwa ko saurayi da ke cikin shekarun aure, soyayya za su karanta, ko an yarda ko ba a yarda ba, abin da ya rage shi ne wace iri. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980 bayan gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya, labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba, kuma ana lissafa shi a matsayin hikaya ta farko da mace ta wallafa da Hausa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali ne da Muhammadu ɗan talakawa, ya kuwa karɓu ƙwarai a wurin matasa. Amma ga inda sanin hali ke da amfani. A cikin labarin akwai wurin da baƙin cikin auren dole ya kai yarinyar ga faɗawa rijiya. Yarinyar da ke cikin irin wannan ƙunci a gidansu, ba shi ne littafinta ba a wannan lokaci, iyayenta ne ya kamata su karanta shi. Ita kuwa a ba ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, inda Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta sami mafita ta hanyar neman ilmi. Duka biyun auren dole su ke suka, amma ɗaya gargaɗi ne ga manya, ɗayan kuwa hanya ya ke nuna wa yarinya.

Mas'ala ta biyu

In wani ya ce, wannan ai bin son zuciya ne, in kullum abin da mutum ke so a ke ba shi yaushe zai ci gaba, me zai hana a ba kowa littafin da ya fi kowane kyau, sai a ce masa maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ta bar abu guda. Littafin da ya fi kowane kyau, in an ajiye shi a shafi na biyar, bai amfani kowa ba. Abin da mutum ke so ƙofa ce da a ke shiga wurinsa ta cikinta, ba a ce a tsaya a bakin ƙofar ba. Yaron da ya ji daɗin Iliya, a bi shi da Ganɗoki, a can zai ji sunan Kwantagora da Bida, ya fara tambaya ko da gaske an yi yaƙe-yaƙen nan. Daga nan Shaihu Umar ba zai yi masa nauyi ba, daga Shaihu Umar kuwa taki ɗaya ne zuwa littattafan tarihi. Mai son soyayya, bayan biyu ko uku a miƙa mata Jiki Magayi, wanda da soyayya ya fara ya ƙare da tambayar da ta fi soyayya girma. Kowane littafi ya ɗara na bayansa da kaɗan, kamar yadda Iziyya ta ɗara Ishmawi. Sannu ba ta hana zuwa.

In kuma aka ce mai zaɓe yana iya kuskure, wannan haka ya ke, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Saboda haka a gaya wa mai karatu tun farko cewa in ya yi shafi ashirin ko talatin bai ji littafin ya kama shi ba, ya dawo da shi ba kunya, ya faɗi abin da ya gundure shi. Daga amsarsa a ke gane shi fiye da da, zaɓi na biyu ya fi na farko kusa da daidai. Littafin hira ba bashi ba ne da za a ce tilas sai an biya shi duka. Mai yiwuwa kuma wanda ya ƙi bana, bayan shekara biyar shi zai nema da kansa.

Sauran magana biyu. Ta farko ga masu karatun ajami. Galibin littattafan nan da boko aka buga su, amma wannan bai isa ya hana kowa ba. Malami ko falke ya sa ɗansa ko jikansa ya karanta masa a zaure bayan an ci tuwo. Yaro ya gyara karatunsa, dattijo ya huta, ya kuma ji da kunnensa irin abin da 'ya'yansa ke karantawa, har ya sami abin da zai zaɓa musu nan gaba. Da ma masu ɗab'i za su fitar da irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar cikin ajami mai wasali, da sun sami kasuwar da ba su zata ba. Ta biyu ga masu sayar da littattafai, na Kurmi da na Sabon Gari da na sauran garuruwa. Mai yadi ya san kowane ƙyalle da ke shagonsa, mai goro ya san kowane huhu. Mai littafi ma ya daure ya karanta hajarsa. Wanda ya sayar wa mutum abin da ya fi kwantai don ya rabu da shi, ya ci ribar rana ɗaya. Wanda ya tambaya, ya lura, ya ba shi abin da ya dace da shi, ya sami abokin ciniki da zai dawo, ya zo da ɗansa, ya zo da maƙwabcinsa.

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Saboda haka in an zo wa mutum da tambayar nan, kada ya yi gaggawar ambaton suna. Ya shimfiɗa wa mai tambaya buzu, ya ce masa, "Zauna tukuna, wane ne na ƙarshe da ka karanta ka ji daɗinsa?" Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Allah ya sa a dace. Tamat.